ICCEN ƘAMSHI NA BAKIN TEKU DA GARAKEN MARAƊI

Duk wanda fatauci ko aiki ya kai shi garuruwan bakin teku, ya ga yadda suke ƙawata gidajensu da itatuwa masu hure. Cikinsu akwai wani icce da ake kira ilan-ilan, mai hure ruwan ɗorawa, wanda ƙamshinsa ke cika unguwa da dare. Ba abin mamaki ba ne in mutum ya yi sha'awar ganin irinsa a ƙofar gidansa a Maraɗi. Ra'ayinmu shi ne, kafin a kashe kuɗi da ruwa a kansa, a tsaya a auna.

Asalin ilan-ilan kurmin ƙasashen Indunusiya da Filifin ne. A yau tsibiran Komoro da arewacin Madagaskar su ne suka yi suna wajen nomansa. Da asuba ake tsinke huren, a turara shi, a tatsi mai wanda masu haɗa turare na Faransa ke saye da tsada. Sanannen turaren nan Chanel N°5, wanda ya fito a 1921, yana ɗauke da shi. Amma a waɗannan wurare ruwan sama yana kai milimita 1,500 ko fiye a shekara, iska kuma da laima take kusan kullum.

Mu kuwa a Maraɗi ruwanmu bai cika wuce milimita 500 ba, kuma daga Yuni zuwa Satumba ne. Sauran watanni takwas sai hunturu mai busar da ganye, da bazara mai kai zafi maki 40 da ɗoriya. Tun da ambaliya ta ci tsohon gari a 1945 aka maido birnin bisa tudu, inda ƙasa rairayi ce, ruwa kuma na nesa. Iccen kurmi a irin wannan wuri ba ya rayuwa sai da ban ruwa safe da yamma. Ruwan nan kuwa na pampo ne, wanda mata da yara ke bin layi dominsa a unguwannin bayan gari. Gulbin Maraɗi ma ba ya kawo ruwa kamar da, tun bayan da aka gina madatsar Jibiya. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

To, sai mu haƙura da ƙamshi ke nan? Ko kaɗan. Lalle, wanda iyayenmu mata suka sani tun kaka da kakanni, ƙananan hurensa farare suna da ƙamshin da ba ya jin kunyar na kowane icce. Yana yin shinge, yana jure ƙishirwa, in an sare shi ya sake tohowa, ganyensa kuma kuɗi ne a kasuwa. Dogon yaro yana huda da bazara, lokacin da gari ya fi bukatar inuwa. Bagaruwa tana da hure mai daɗin shaƙa, ƴaƴanta kuma da su majema ke jeme fatar jar akuyar Maraɗi. Gawo yana kiran zuma, yana ciyar da dabbobi, yana gyara gona. A fadamun Tibiri da Jiratawa, inda ruwa ke kusa, lemun tsami da zogala suna ba da ƙamshi da abinci gaba ɗaya.

Tarihinmu ma ya koya mana wannan darasi. Tun 1975 ake dashen itatuwa a ranar 3 ga Agusta. A watan Mayu na 1984, zamanin Shugaba Seyni Kunce, a nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada. Amma dashe da yawa ya mutu don rashin ban ruwa da ɓarnar awaki. Abin da ya fi yin albarka shi ne dabarar da manoman jihar nan suka runguma tun 1983: su bar kututture ya toho, su sassabe shi, su yi renonsa. Ta haka aka farfaɗo da gonaki kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Iccen da ya san ƙasar shi ne ya tsaya.

Ba mu ce a haramta wa kowa gwaji ba. Mai garka a fadama, da rijiya kusa da inuwar mangwaro mai tare iska, yana iya dasa ɗaya ko biyu da kuɗinsa. Ya fi kyau ma masu binciken INRAN na Tarna su fara jarrabawa, su gaya wa jama'a abin da suka gani. Amma kuɗin gwamnati da na magajin gari, wanda ake ƙawata ofisoshi, makarantu da bakin hanyoyi da shi, bai kamata ya tafi ga iccen da zai bushe a hunturun farko ba.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatan gandun daji da su yawaita renon lalle, bagaruwa da lemu, su sayar da rahusa kafin damana. Kowane maigida kuma ya dasa a Yuli, lokacin da ƙasa ta jiƙa, ya kewaye dashensa da ƙaya, ya ba shi ruwa har ya shekara biyu. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.