A masana'anta ake gane injiniya

Aikin injiniyan masana'antu shi ne tsara yadda ake sarrafa kaya: rage ɓarna, gajarta lokacin jira, tabbatar da inganci. Jarrabawar awa biyu a kan takarda hadda take aunawa, ba ta nuna ƙwarewa a nan.

A tsarin LMD, digirin farko shekara 3 ne. Ya kamata EMIG ta Yamai da jami'o'in ƙasar su ɗora kaso mai tsoka na maki kan aikin zahiri. Ɗalibi ya je matatar SORAZ ta Damagaram ko kamfanin siminti na Malbaza, ya gano inda aiki ke tsaiko, ya kare mafitarsa gaban malamai da injiniyoyin wurin. In ba haka ba, kamfanoni baƙi za su ɗauko, 'yan ƙasa na riƙe da takarda.