Abin da ya sa hedikwatar manyan kamfanoni ke tsallake Kano

Aliko Ɗangote da Abdussamad Rabi'u 'yan Kano ne, amma hedikwatar kamfanoninsu tana Legas, inda tashar jiragen ruwa ta Apapa da kasuwar hannun jari da manyan bankuna suke. Asarar Kano ba ƙarama ba ce, domin jihar da manyan ma'aikata ke zaune ita ke karɓar harajin albashinsu.

Kamfanin mai na A.A. Rano, mallakar ɗan asalin Rano, ya kafa hedikwatarsa a Kano, amma kishin gida kaɗai ba ya riƙe jari. Tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a 2023 somin-taɓi ce. Matuƙar masana'antun Sharaɗa da Bompai na dogaro da janareta, Legas za ta ci gaba da yin rinjaye.