Mai Gadi Bebe

Jama'ar wannan kwaleji, malamai da ɗalibai, ina so in jawo hankalinku ga wata 'yar waya wadda tsawonta bai fi kamu huɗu ba, amma rashinta na iya jawo mana hasarar aikin shekara guda.

Kowa ya san halin wutar lantarki a ƙasarmu. An kafa NEPA a 1972, aka sake mata suna PHCN a 2005, aka danƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11 a 2013, amma har yau ɗauke wuta bai zama labari ba. Saboda haka ne a ke saya wa kwamfuta akwatin nan mai nauyi da a ke kira UPS. A cikinsa akwai batir na darma. Da an ɗauke wuta sai ya karɓi aiki kafin ƙiftawar ido, kwamfuta ba ta ko sani ba.

To, wannan rashin sani nata shi ne abin da ya dame ni. Akwatin yakan yi ta kuka, amma kukan nan don kunnen mutum ne, kwamfuta ba ta jinsa. In magatakarda ya fita cin abinci, ko kuwa dare ya yi, sai ta yi ta aikinta har batir ya ƙare, gama ƙaramin akwati 'yan mintoci kaɗai ya ke iya riƙe ta. Daga nan sai ta mutu farat ɗaya, kamar ba a taɓa saya mata kome ba. Duk abin da ba a adana ba ya tafi. Abin da ya fi wannan muni, in mutuwar ta same ta tana cikin rubuta fayil, sai ya lalace, watakila kuwa shi ne mai ɗauke da makin jarrabawar ɗalibai duka. Batirin ma ya cutu, domin yawan tatse shi ƙarƙaf yana rage masa kwana, alhali in an kula da shi yakan yi shekara 3 zuwa 5.

Ashe mun ɗauki mai gadi, amma bebe. Yana ganin ɓarawo, ba shi da bakin da zai ta da maigida.

Maganin kuwa ba shi da wuya. A bayan yawancin akwatunan kirki akwai wata kafa ta magana. A da mai tsinke 9 ce, yanzu galibi ta USB ce. Sai a haɗa ta da kwamfuta da wayar da ta zo cikin kwalinsa. Windows takan gane akwati da yawa da kanta, ta nuna shi kamar batirin kwamfutar hannu. Sai a shiga wurin tsara wuta a umurce ta cewa in batir ya ragu zuwa kashi kaza, ta kwashe duk aikin da ke buɗe ta adana, sa'an nan ta kwanta. Kamfanin APC yana da manhajarsa mai suna PowerChute. Masu aiki da Linux suna da apcupsd da NUT, su kuwa har suna sa kwamfuta ɗaya ta gaya wa 'yan'uwanta na cikin ɗaki su ma su rufe.

Na san wani zai ce ai muna da janareta. Gaskiya ne, amma janareta yana jiran mai, yana jiran mai tayar da shi, batir kuwa ba ya jiran kowa. Wani kuma zai ce ba ya son na'ura ta rufe kanta yana tsakiyar aiki. Ɗan'uwa, wanda ya kwanta ya tashi ya tarad da kayansa ai ya fi wanda ya faɗi.

Shawarata uku ce. Ta fari, kada mai sayen kaya ya ƙara karɓar akwatin da ba shi da kafar magana, kome arharsa, gama sayen doki ba linzami ɓarnar kuɗi ce. Ta biyu, a bi ofis ofis a haɗa wayoyin da ke kwance cikin kwalaye. Ta uku, a farkon kowane zango a kashe makunnin bango da gangan, a zauna a ga ko kwamfuta za ta rufe kanta lafiya. In ba a gwada ba, ranar wanka cibi za ta fito.

Mu da za mu fita mu riƙe makarantu, yawancinmu za mu sami kanmu inda babu makaniki sai mu. Mu koyi wannan tun muna nan, gama rigakafi ya fi magani. Allah ya sa mu gane. Haza wasalam.