Kotunan Ɗaukaka Ƙara: Hukunci Na Fitowa, Amma Yaushe Yake Isa Hannun Talaka?

A ƴan shekarun nan kotunan sama na Nijar da na maƙwabciyarmu Najeriya sun yanke hukunce-hukunce masu nauyi a kan gado, da aure, da aikin albashi, har ma da kuɗin da ke aljihun ɗan kasuwa. Duk lokacin da aka yanke irin wannan hukunci, kafafen watsa labarai kan yi ta yayata shi kwana biyu, lauyoyi su yi sharhi, daga nan sai a manta. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, shekara nawa mai ƙara ya yi yana sintiri kafin ya kai can, kuma bayan an yanke, shin an damƙa masa haƙƙinsa a hannu ne ko kuwa a takarda kawai?

Ɗaukaka ƙara dai dama ce da doka ta ba wanda bai gamsu da hukuncin alƙalin farko ba, ya kai kukansa gaba domin wasu alƙalai su sake duba shari'ar. Dalilin haka a fili yake: alƙali ɗan Adam ne, yana iya kuskure. Muhimmancin kotun sama kuwa shi ne, abin da ta faɗa kan zama ma'auni ga kotunan ƙasa a shari'o'in da za su biyo baya.

Mu fara da gida. Mai karatu zai iya tuna Hadijatu Mani, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara 12, a kan jika 240 na sefa, ta zama wahaya a yankin Birnin Ƙonni. Ko da yake Nijar ta mai da bauta babban laifi tun 2003, sai a 2005 ne mutumin ya ba ta takardar ƴanci, sa'an nan ya ce ai matarsa ce. Kotun farko ta Ƙonni ta ba ta gaskiya a 2006, babbar kotu ta soke wannan hukunci, kotun ƙoli kuma ta mayar da shari'ar baya. Da ta auri wanda take so, sai aka yanke mata wata shida a gidan kaso a 2007 bisa laifin aure kan aure. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙara kotun CEDEAO, wadda a ranar 27 ga Oktoba 2008 ta ce gwamnati ta kasa kare ta daga bauta, ta kuma umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. Amma wannan kotu ba ta soke hukuncin kotunan cikin gida, don ba hurumin ta ba ne. Sai a 2019 kotun sama ta Nijar ta wanke ta, ta kuma bayyana cewa al'adar wahaya ta saɓa wa doka. Wato shekara 13 ke nan daga ƙarar farko.

A Najeriya ma labarin jinkirin bai sauya zani ba. Ranar 11 ga Afrilu 2014 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Ukeje, inda ta ce al'adar Inyamurai da ke hana ɗiya mace gadon mahaifinta ta ci karo da sashe na 42 na tsarin mulki, wanda ya haramta nuna bambanci. Mahaifin ya rasu ne a 1981, an shigar da ƙara a 1983. Ke nan sama da shekara 30 aka yi ana gurzawa. A wannan rana kuma, a shari'ar Anekwe da Nweke, kotun ta ce ba a korar matar mamaci daga gidan mijinta don kawai ba ta haifi namiji ba. Mu a nan addinin Musulunci ya riga ya yanka wa mace rabonta, amma kowa ya san ƙauyukan da ake raba gona tsakanin maza, a sallami mata da ɗan hatsi ko ƴan kuɗi. Macen da aka yi wa haka, ina ta ga guzurin shari'ar shekara 30?

Ta fuskar ma'aikata, a 2017 Kotun Ƙolin Najeriya ta warware wata taƙaddama a shari'ar bankin Skye da wani ma'aikaci. Kafin nan ana ja-in-ja a kan ko wanda kotun ma'aikata ta ƙasa ta kayar yana da damar zuwa gaba. Kotun ta ce yana da ita, zai iya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, kuma daga can magana ta ƙare. Wannan hukunci wuƙa ce mai baki biyu. Ma'aikacin da aka zalunta ya samu ƙofa ta biyu, amma kamfanin da aka ce ya biya shi ma ya samu hanyar jan lokaci, alhali mai kuɗi ya fi wanda aka kora juriyar jira.

Sai dai akwai shari'ar da ke nuna cewa idan an so sauri ana iyawa. An yanke wa Amina Lawal hukuncin jifa a Bakori cikin watan Maris 2002, babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar, sa'an nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Katsina ta sallame ta ranar 25 ga Satumba 2003, da rinjayen alƙalai huɗu a kan ɗaya. Daga cikin hujjojin akwai cewa alƙali ɗaya ne ya zauna a shari'ar farko maimakon adadin da doka ta tanada, kuma ba a ba ta cikakkiyar damar kare kanta ba. Wata 18 kacal aka yi. Me ya bambanta ta da saura? Ta samu lauyoyi tsayayyu, kuma idon duniya na kan shari'ar.

Bayan jinkiri sai matsalar bin umarni. Ƴan kasuwar Maraɗi da Ƙonni da Magarya ba za su manta da ƙarancin naira na farkon 2023 ba, lokacin da ciniki ya tsaya cik a bakin iyaka. Ranar 3 ga Maris 2023 Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin takardun naira 200 da 500 da 1,000 su ci gaba da yawo, amma sai da aka kwashe kwana goma kafin Babban Bankin Najeriya ya fito ya amince. Haka kuma ranar 11 ga Yuli 2024 kotun ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye ba ta hannun gwamnoni ba, amma shekara guda bayan haka ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi na ta kokawa cewa ba a aiwatar ba. To, idan hukuma na jan ƙafa ga umarnin Kotun Ƙoli, ina ga attajirin da aka ce ya mayar wa marayu filinsu?

A Nijar akwai kuma nisa. An daɗe ƙasa mai wannan faɗi tana da kotunan ɗaukaka ƙara biyu kacal, a Yamai da Damagaram, kafin a ƙara ta Tawa. Kuɗin mota da masauki da ladan lauya kaɗai sun isa su sa manomi ya ce ya bar wa Allah. Bugu da ƙari, tun da Nijar ta fice daga CEDEAO ranar 29 ga Janairu 2025, ƙofar da Hadijatu ta bi ta rufe ga masu sabuwar ƙara, don haka nauyin duka ya dawo kan kotunanmu na gida.

Abin da ya rage ga hukumomi shi ne su ƙara alƙalai, su kusantar da kotuna ga jama'a, su ƙarfafa hukumar ANAJJ da aka kafa domin taimaka wa marasa hali a gaban shari'a, kuma su zama na farko wajen bin hukuncin da bai yi musu daɗi ba. Ga talaka kuwa, rigakafi ya fi magani. Wanda ya sayi gona ko ya gaje ta, ya je hukumar filaye ta COFO ya karɓi takarda, ma'aikaci ya adana takardar ɗaukarsa aiki da ta albashi. Wanda kuma hukunci bai gamsar ba, ya tambayi wa'adin ɗaukaka ƙara tun a ranar, domin wa'adin na da iyaka, kuma idan ya wuce ko da gaskiya a hannu ana iya rasa shari'a. Allah ya ba shugabanninmu da alƙalanmu ikon yin adalci a kan lokaci.