Sayen Janareta: A Yi Lissafi Kafin A Je Kasuwa

Sanin kowa ne cewa tun zamanin hukumar NEPA, wadda aka kafa a 1972, har zuwa sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a 2013, matsalar ɗaukewar lantarki ba ta rabu da gidajen Nijeriya ba. Wannan ne ya sa janareta ya zama kamar wajibi ga duk magidanci mai hali. Sai dai abin mamaki, ɗan kasuwar da ba ya sakaci da ko sisin kwabo a shagonsa, idan ya shiga kasuwar Alaba a Legas ko Sabon Gari a Kano domin sayen inji, abin da yake dubawa bai wuce girma da launi da farashi ba. Alhali kuwa kuɗin saye shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da injin zai ci.

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin ya canza. Litar fetur da ake sayarwa ƙasa da naira 200 kafin ranar, ta haura naira 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024. Ƙaramin janareta mai amfani da fetur da wuya ya ba da fiye da yunit 2 na wuta daga lita ɗaya, wato a wancan farashi kowane yunit ya kai naira 500 ko fiye. Idan aka kwatanta da naira 225 da hukumar NERC ta yanka wa masu rukunin "A" a Afrilun 2024, farashin da jama'a suka yi ta kuka a kansa, za a ga wutar janareta ta ninka shi har da ɗori.

Alal misali, injin da ke shan lita ɗaya a sa'a, idan ana kunna shi sa'a 4 kowane dare, zai sha lita 120 a wata, kimanin naira 120,000 ke nan a wancan farashi. Wannan ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, ban da kuɗin baƙin mai da na makanike.

Saboda haka matakin farko shi ne magidanci ya zauna da takarda ya rubuta abubuwan da ba makawa sai sun yi aiki idan an ɗauke wuta. Ƙwan lantarki 10 na zamani ba su wuce wat 100 ba, fanka 3 kimanin wat 225, talabijin wat 100, firji kuma wajen wat 150. Jimilla ba ta kai wat 600 ba. Amma firji da famfon tura ruwa sukan ja ninki uku ko fiye a lokacin tashi, don haka dole a bar musu sarari. Haka kuma adadin kVA da ake rubutawa a jikin inji ba shi ne ƙarfinsa na aiki ba. Bisa al'ada kashi 80 cikin 100 ake ɗauka, wato injin 2.5 kVA wat 2,000 ne. Irin wannan ya wadatar da gidan da aka kwatanta. Dutsen guga da hitar ruwa da na'urar sanyaya ɗaki su ne ke tilasta sayen babban inji, kuma yawancinsu suna iya jiran dawowar wuta.

Sayen injin da ya fi buƙata asara ce, domin yana ƙona mai ko da nauyin da ke kansa kaɗan ne. Sayen wanda bai kai ba shi ma asara ce, domin yana saurin lalacewa, ya kuma ƙona kayan gida. Injin dizal ya fi tsada wajen saye, amma ya fi ƙarko da tsimin mai, ya dace da gidan da ke kunna wuta sa'o'i masu yawa. Wanda buƙatarsa fitila da fanka da cajin waya ce kawai, ya kamata ya auna kuɗin man shekara guda da farashin sola da batir kafin ya yanke shawara. Kowanne aka zaɓa, a tabbatar akwai kayan gyaransa da makanikensa a garin, don araha ba ta ado.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Hayaƙin janareta na ɗauke da iskar guba marar launi marar wari, wadda ta sha hallaka iyalai suna barci. Tsoron ɓarayi ba hujja ba ce ta shigar da inji cikin ɗaki ko zaure ko gareji. A gina masa keji a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. A sa ƙwararren mai gyaran wuta ya haɗa makunnin da ke raba layin gida da na kamfani, domin rashinsa kan mayar da wuta kan turaku ta kashe ma'aikacin da ke gyara. Kada kuma a zuba mai inji yana aiki.

Magidancin da ya yi wannan lissafi kafin ya taka kasuwa, shi ne zai sayi injin da zai iya ciyarwa, ba wanda zai koma ado a tsakar gida bayan wata biyu ba.