Yaron Ba Shi Da Laifi, Maigidansa Za A Tambaya

Maganarmu ta yau da iyayen gidan masu gyaran wutar lantarki take, su da ke karɓar 'ya'yan mutane da sunan koya musu sana'a.

Ana saura mako guda azumin bara, aka kira wani saurayi ya kafa fankokin bango huɗu a masallacin unguwarmu a nan Kumasi. Ya zo da abin huda bango mai batir, sabo fil. Rami uku ya huda batirin ya mutu, ga shi tun asuba babu wuta a unguwar. Sai ya zauna a kan tabarma yana jiran a kawo wuta, shi da aka kira domin aikin wuta. Wani dattijo da ya bar sana'ar saboda ciwon gwiwa ya aiki jikansa gida ya ɗauko masa wani tsohon akwatin ƙarfe. Ya fito da guduma da wani ƙarfe mai kaifin baki, ya buga, ya juya shi kaɗan, ya sake bugawa, ya hure ƙurar. Ya fere guntayen katako ya cusa a ramukan domin sukurori su kama. Kafin la'asar fankokin na jikin bango, saurayin na kallo kamar bai taɓa ganin guduma ba.

Ba mu ga laifinsa ba. Shekara uku ya yi a hannun maigidansa, iyayensa sun biya kuɗin koyo, an yi walimar yaye shi, mu ma mun je mun shafa fatiha. Ashe danna maɓalli kawai aka koya masa. Wannan cin amana ne, ko da ba a yi niyya ba.

Wanda ya girma kafin zuwan waɗannan injuna ya san abin da ke cikin irin wancan akwati: filaya, wuƙar fere waya, zarton yanka bututu, abin huda katako da ake tokarewa da ƙirji ana juya hannunsa, da ƙarfen narka dalma da ake ɗorawa a kan gawayi. Manyan ma'aikata har da Megger, na'urar da ake murɗa hannunta ta haifar da wutar kanta, a gane ko rigar waya ta lalace a cikin bango. Babu guda a cikinsu da ke roƙon wuta kafin ya yi aiki. Kuma hannun da ya saba da guduma yana jin sauyin sauti idan ya kusanci bututun da aka binne, ya tsaya. Injin ba ya ji, sai ya ɓula waya, mai gida ya gane daga baya.

Za a ce mana zamani ya wuce nan. To, zamanin wace ƙasa? An gama madatsar Akosombo tun 1965, amma a 2015, lokacin da dumsor ya tsananta, sai a ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12. Wa ya manta? Ƙari a kan haka, batirin wannan kamfani ba ya shiga injin wancan, yana gajiya bayan 'yan shekaru, kuma farashinsa dala yake bi, ba sidi ba. Ƙarfen huda kuwa in ya dakushe, maƙeri ne zai gyara bakinsa a Suame ko a bayan gida.

Ba mu ce a jefar da mai batir ba. Yana rage wahala, yana hutar da kafaɗa, kuma wanda ya taɓa wuni yana sassaƙa hanyar waya a bangon siminti ba zai raina shi ba. Abin da muka ƙi shi ne a ba yaro doki tun bai iya tafiya da ƙafarsa ba.

Saboda haka daga yanzu, duk walimar yaye da aka gayyaci dattawa su sa albarka, za mu nemi a kawo bulo da guduma, yaron ya huda rami guda a gaban jama'a kafin a ɗaga hannu. Akwatin dattijon nan kuwa, mun ji masu sayen tsofaffin ƙarafa sun riga sun yi wa 'ya'yansa tayi a kan sikeli. Mun roƙe su su dakata.