Tuban Mashayi Yana Bukatar Abokan Tafiya

Maganarmu ta wannan mako a kan ɗan'uwanmu Musulmi ce wanda giya ta kama, yana son ya rabu da ita, amma bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Tun shekarar 2000 da Jihar Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci aka hana sayar da giya a fili. Wannan alheri ne babba. Sai dai doka tana rufe kanti ne, ba ta cire ƙishi daga zuciyar wanda ya saba. Mashayi a Birnin Kudu ko Gwaram yakan sha a ɓoye, ya yi nadama a ɓoye, ya ɗauki alkawarin bari a ɓoye, ya kuma karya shi a ɓoye. Kunya da tsoron tonon asiri su ne suke tsare shi cikin kaɗaici, kaɗaicin kuwa shi ne yake mayar da shi ga kwalba.

Addininmu bai jahilci nauyin sabo ba. Allah Maɗaukakin Sarki bai haramta giya rana ɗaya ba. An fara ambaton cutarta a Suratul Baƙara, aya ta 219, sa'an nan aka hana kusantar salla cikin maye a Suratun Nisa'i, aya ta 43, kana hani yankakke ya sauka a Suratul Ma'ida, aya ta 90. Imamul Bukhari kuma ya ruwaito labarin wani sahabi da aka sha kawo shi ana yi masa bulala saboda sha. Da wani ya la'ance shi, sai Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Ashe an hukunta laifin, ba a kori mai laifin daga cikin jama'a ba.

A shekarar 1935, a garin Akron na ƙasar Amurka, mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gane cewa idan suna zama suna gaya wa juna gaskiyar halinsu, sun fi iya kame kai. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, ta bazu a duniya. A 1989 kuma Musulmin birnin Baltimore suka kafa Millati Islami, suka ɗora irin wannan zama a kan tauhidi da tuba da salla. Hikimar ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin Bahaushe ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, mutumin Birnin Kudu ko Gwaram, ta ina zai fara? Da farko ya tafi asibiti. Wanda ya daɗe yana sha kullum, idan ya tsaya kwatsam, cikin kwana 2 ko 3 yana iya kamuwa da karkarwa da gumi da gane-gane, har da farfaɗiya, wani lokaci abin ya kai ga rasa rai. Ya ga likita a Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, ya faɗi gaskiyar abin da yake sha. Idan hali ya yi, akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kazaure, da na Dawanau a Kano, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A can ya tambayi likitoci da ma'aikatan jinya ko akwai zaman masu murmurewa da zai shiga. Mai wayar hannu kuma yana iya halartar irin wannan zama ta intanet.

Na biyu, in bai samu a kusa ba, a kafa. Mutum uku sun isa. A sami zaure ko aji na makarantar Islamiyya, a tsayar da rana ɗaya a mako, misali bayan sallar Isha'i. Sharuɗɗan kaɗan ne: abin da aka faɗa a zauren ya mutu a zauren, ba a rubuta suna, ba a karɓar kuɗi, ba a katse mai magana, wanda ya zame kuma a karɓe shi idan ya dawo. Liman ya ba da wuri da addu'a, ya bar su su yi maganarsu.

Iyaye da dangi kuma su yi hattara da gidajen mari. A 2019 'yan sanda sun fitar da ɗaruruwan mutane daga irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura, wasunsu ɗaure da sarƙa. Mari yana riƙe ƙafa, ba ya warkar da sabo.

Ya kai ɗan'uwa mai fama, ƙofar tuba a buɗe take. Ka nemi mutum ɗaya amintacce ka gaya masa yau, kada ka jira gobe. Mu kuma sauran jama'a, mu rufa masa asiri, mu ja shi sahun salla, mu ci abinci tare da shi.

Allah Ya shirye mu baki ɗaya, Ya yaye wa masu fama, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.